Ranar da Majalisa ta Zauna a Rumfar Mai Walda

Cikin shekara ashirin da biyu da na yi ina ɗaukar sandar majalisa, akwai ranaku da dama da na roƙi Allah ya mantar da ni su, kuma ya amsa. Amma wata Alhamis ta farkon damina, wadda na cusa ikon majalisa cikin buhun masara na hau acaɓa da shi, ta ƙi fita daga kaina har yau. Ku sababbin ma'aikata kun ishe ni da tambayar tabon waldar da ke wuyan sandar nan, to bari in ba ku labarin sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunan ƙaramar hukumar ba, ba kuma zan kama na Ciyaman ɗin ba. Waɗanda suka sani sun sani, ni kuma ina son in ƙarasa ritayata lafiya a Palladan.

Saboda wanda bai san aikinmu ba, ga yadda abin yake a takarda. Akwai Ciyaman da Sakatare da shugabannin sassa, su ne ke zartar da aiki. Akwai kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa, su ke yin doka, su amince da abin da Ciyaman ya kawo ko su ƙi, suna kuma da shugabansu da ake kira Kakaki. Sai kotu, wadda ba a ƙarƙashinmu take ba, tana iya taka wa duka biyun birki. Haka aka koya mana a kwas, har da zane a allo. Ni dai a shekarun da na yi kafin ranar nan ban taɓa jin an ce a'a a zauren majalisa ba. Na taɓa ganin kansilan da aka tasa daga barci ya ɗaga hannu ya amince, sannan ya waiwayo ya tambaye ni a kan me ake magana.

Ita sandar ƙarfe ce, tsawonta ya kai ƙirjina, an shafa mata ruwan zinariya, da tambarin ƙasa a kanta. Aikina in sa farar safar hannu, in saɓa ta a kafaɗa, in shiga gaban Kakaki ina shelar kowa ya miƙe, in ɗora ta a tebur. Idan tana kan tebur, abin da kansiloli suka yanke ya zama maganar majalisa. Idan ba ta nan, ko sun wuni suna magana, hirar teburin mai shayi ce. Saboda wannan aiki ake kirana Sajan, ko da yake sunan da aka raɗa mini Yohanna ne, ban kuma taɓa shiga soja ba.

A gefen wata kasuwa a Sabon Gari akwai layin rumfunan kwano na masu walda da kafintoci da masu gyaran janareta. A nan rumfar Sunday take. Mahaifinsa daga kudu ya zo, amma shi a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shekara talatin ya yi a rumfar nan, da ita ya ciyar da 'ya'ya biyar. Shi ya yi mini ƙofar gidana. Da matata Saratu ta rasu, shi ya haɗa gicciyen ƙarfen kabarinta, ya ɗauko shi da kansa har maƙabarta ya kafa, bai ce mini komai ba sai sannu. Bai taɓa kirana Sajan ba, Baban Ladi yake ce mini, da sunan 'yata ta fari.

Sai Ciyaman ɗinmu ya wayi gari da son ƙawata gari. Ya ce layin nan yana ɓata wa baƙi ido, za a rushe shi a gina shaguna masu bene. Aka bi rumfunan da jan fenti. Masu sana'ar suka haɗu suka ɗauki lauya, kotu ta sa ranar Litinin don ta saurare su. Ciyaman mutum ne mai ganin girman kotu ƙwarai, bai so a wahalar da alƙali da doguwar shari'a ba, sai ya sa a kawo katafila ranar Alhamis, ta yadda in Litinin ta zo ba sauran abin da za a yi gardama a kai.

Kansiloli sun san da maganar jan fentin nan mako uku, ba wanda ya yi ko tari. Ranar Laraba takardar sunayen waɗanda za a raba wa sababbin shagunan ta ɓullo. Aka duba daga sama har ƙasa, aka juya bayanta, babu sunan kansila ko ɗaya. Kafin azahar duk sun tuna talakawa ne suka zaɓe su. Kakaki, Honorabul Tanimu, ya kira zaman gaggawa ranar Alhamis ƙarfe goma, don majalisa ta dakatar da rusau ɗin.

Ranar Alhamis bakwai da rabi na safe Sakatare ya aika a kira ni ofishinsa. Na same shi yana shan shayi, har ya nuna mini kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi gona. Sannan ya ajiye kofi.

"Yohanna, na lura sandar nan ta tsage a wuya."

Na ce ranka ya daɗe, kullum ni ke goge ta, ban ga tsaga ba.

"To ka sake dubawa da kyau. Ta tsage. Ka kai ta wajen mai walda yanzu, kada kuma in ga ta dawo kafin Litinin da yamma."

Na roƙe shi ya ba ni umarnin a rubuce. Ya yi dariya, ya tambaye ni shekara nawa ta rage mini in yi ritaya. Na ce huɗu. Ya ce Allah ya nuna mana lafiya, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ina so in ce muku na buga tebur na karanto masa tsarin mulki. Ban yi ba. Na ce to ranka ya daɗe, na fita. Na san sarai abin da ake nufi: babu sanda, babu zama, babu zama, katafila ta yi aikinta. Na kuma san rumfar wa ke cikin layin. Duk da haka na buɗe akwatin sandar, na ciro ta, na nemi buhu a wajen mai gadi na cusa ta, na bi ta ƙofar baya. Da na wuce zauren majalisa na ga an garƙame shi da kwado, an manna takarda wai ana feshin maganin gara. Kujerun zauren duk na roba ne.

Ɗan acaɓa ya tambaye ni ina za mu. A duk Zariya masu walda sun fi a ƙirga, akwai biyu ma a bakin titinmu. Amma ni guda ɗaya na sani. Wasu daga baya sun ce dabara na yi, har suna yabona. Gaskiyar ita ce kunya ce ta kai ni. Na ga in dai za a rushe wa mutumin nan rumfa da hannuna a ciki, gara in je in tsaya kusa da shi.

Na tarar da layin ya hargitse, kowa na kwasar abin da zai iya. Kafintoci na ɗora katako a baro, wani na ciccire kwanon rufi. Sunday shi kaɗai bai taɓa komai ba, yana zaune a benci yana kallon injin waldarsa. Na gaishe shi, na zare sandar daga buhu, na gaya masa duk yadda muka yi da Sakatare, ban rage ba. Na zaci zai zage ni. Sai ya karɓi sandar ya juya ta a hasken rana, ya ƙwanƙwasa wuyanta da makulli, ya kasa kunne.

"Baban Ladi, ai kuwa ta tsage. Ga shi nan ƙarƙashin tambarin. Wata rana kana tafe da ita kan zai faɗo."

Na duba, ga tsaga siririya kamar zare. Shekara goma sha takwas ina goge ta ban gani ba, Sakatare kuma da bai taɓa riƙe ta ba ya yi ƙarya ta faɗa daidai kan gaskiya. Sunday ya tayar da janareta, ya rufe fuskarsa da baƙin gilashi. Na ce ya bari, yau ba ranar aiki ba ce. Ya ce in dai aikin ƙarshe ne zai yi a rumfar nan, ba laifi ya zama na gwamnati.

Yana cikin walda wayata ta yi ƙara. Malama Rifkatu ce, akawun majalisa, wadda ke rubuta bayanan zama, ita kaɗai kuma na sani a duk sakatariya da ta taɓa karanta littafin ƙa'idojin majalisa daga farko har ƙarshe. Ta ce kansiloli na tsaye a ƙofar zaure, ga kwado, ga akwatin sanda wayam, ina nake? Na lissafa shekara huɗun nan da suka rage mini. Sai na tuna an ce in kai sanda gyara, ba a ce in ɓoye inda na kai ta ba. Na gaya mata. Na ji tana buɗe takardu, can ta ce ƙa'ida ta yarda, idan zaure bai shiguwa, Kakaki ya sa wani wurin zama. Ta ce tunda masu feshin gara sun taimaka sun rufe zaure, kada in motsa daga inda nake.

Katafila ta riga su isowa, da Injiniyan sashen ayyuka da motar 'yan sanda a bayanta. Ta fara daga ƙarshen layi, ta kwantar da rumfuna biyu da masu su suka riga suka kwashe. Saura uku ta iso ta Sunday sai ga motocin kansiloli, mutum bakwai, daidai adadin da ake buƙata zama ya yiwu. Suka fito da manyan riguna sun sha guga, suna ɗaga ƙafa kada baƙin mai ya taɓa musu takalmi.

Ban taɓa ganin an kafa majalisa da sauri irin na ranar ba. Aka ɗora wata ƙofar ƙarfe da ba a gama ba a kan duro biyu, ta zama tebur. Aka jawo bencuna. Kakaki ya manta gudumarsa ta katako a ofis, Sunday ya ara masa tasa ta dukan ƙarfe. Na laluba aljihu na sami safar hannuna, na yi sa'a kuwa, don sandar ba ta gama hucewa ba. Na saɓa ta, na koma bakin titi, na tako gaban Kakaki kamar yadda na saba, na ɗaga murya na ce kowa ya miƙe. Masu walda suka miƙe, mata masu abinci suka miƙe, 'yan sanda suka ƙame. Direban katafila ya kashe inji, ya tashi tsaye a kan motarsa ya cire hula. Ba zan ɓoye muku ba, idona ya kawo ruwa, wannan ne karo na farko da na ji sandar nan ta yi nauyi a kafaɗata.

Jawabai kuwa sai wanda ya ji. Honorabul Tanimu ya yi magana a kan gumin talaka har muryarsa ta shaƙe, ya share ido da hannun riga. Wani kansila daga ɓangaren Samaru, wanda sai da aka yi masa kwatance sau biyu a waya kafin ya gane layin, ya ce ya daɗe ba ya iya barci saboda halin da waɗannan bayin Allah ke ciki. Wani ya ce ba a taɓa kawo wa majalisa maganar rusau ba, ba ta kuma yi dokar da ta ba da izini ba, wannan kam gaskiya ne. Babu wanda ya ambaci takardar rabon shaguna, ko da kuskure. Aka yanke ƙuduri: a dakatar da rusau har majalisa ta bincika. Kakaki ya buga guduma a kan ƙofar ƙarfen, ƙarar ta sa shi kansa ya zabura. Malama Rifkatu ta rubuta a kan gwiwarta, Kakaki ya sa hannu, aka miƙa wa Injiniya.

Injiniya ya karanta takardar sau biyu, ya kira Ciyaman. Duk da ya koma gefe, muna jin muryar Ciyaman na fita daga wayar, yana cewa taron rumfa ba majalisa ba ne, a ci gaba da aiki. Injiniyan tsohon ma'aikaci ne, ya ga ciyamomi da yawa sun zo sun tafi sun bar ma'aikata da amsa tambayoyi. Ya bari har aka gama faɗa, sannan ya ce cikin ladabi:

"Ranka ya daɗe, ni a shirye nake. Amma ga takardar majalisa a hannuna da sa hannu. A aiko mini da taka ita ma da sa hannu, yanzun nan in tayar da inji."

Muka zauna jiran takardar. Kansiloli suka ƙi ɗage zama, aka sayo musu ruwan sanyi da gasasshiyar masara, sanda na kan tebur, ni ina tsaye a bayanta. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Ciyaman da ya iya rushe layi guda da baki ya kasa samun biro a duk sakatariya. Wajen ƙarfe biyar hadari ya haɗo, katafila ta juya ta tafi. Ranar Juma'a ma takarda ba ta zo ba. Ranar Litinin kotu ta ba da umarni kowa ya tsaya inda yake har ta gama shari'a.

Ni kuwa na samu rabona. Sakatare ya ba ni takardar tuhuma saboda fitar da kayan gwamnati ba izini. Wannan kam a rubuce ta zo, da hatimi. Ya sauya mini wajen aiki zuwa mayanka. Majalisa ta ce Sajan ma'aikacinta ne, ba mai taɓa shi. Wata huɗu na yi da wajen aiki biyu, da safe in je in sa hannu inda ake yanka shanu, da hantsi in wanke takalmi in sa farar safa. Ban ga kansilan da ya yi kuka a kan wannan ba.

Shari'ar ta ɗauki kusan shekara biyu, sai da wa'adin Ciyaman ya ƙare da wata biyu hukunci ya fito. Alƙali bai bar kowa ba. Ya ce Ciyaman ba shi da ikon rushe wa mutane wurin sana'a sai da dokar majalisa da cikakkiyar sanarwa. Ya kuma ce zaman rumfar Sunday bai inganta ba, don ba a sanar da sauran kansiloli sauyin wuri ba, saboda haka ƙudurin nan ba komai ba ne. Wato ranar da na fi alfahari da ita a duk aikina, a idon doka hira muka yi. Amma hirar ce ta riƙe katafila daga Alhamis zuwa Litinin, rumfar Sunday kuma na nan tsaye. Ya ƙi goge jan fentin da ke ƙofarsa, ya ce ado ne.

Da nan labarin ya tsaya da na ji daɗi. Sabon Ciyaman da ya zo ya fi na baya ilimi, ya karanta hukuncin nan tsaf, ya ɗauke shi kamar takardar kwatancen hanya. Alƙali ya ce sai da dokar majalisa, to ya kawo wa majalisa doka. Ya ce sai da sanarwa, aka manna sanarwa ta wata uku a kowace rumfa. Takardar rabon shaguna kuma wannan karon ba a manta da kowa ba, har Kakaki ya samu na kan kwana. Aka kira zama a zaure, aka sanar da kowa a kan lokaci, ba feshin gara, ba kwado. Saura wata shida in yi ritaya. Na sa farar safa, na saɓa sanda, na shiga gaba na ce kowa ya miƙe. Cikin waɗanda suka ɗaga hannu har da uku daga cikin masu kukan ranar nan. Minti goma ba ta cika ba aka gama. Lauyan masu sana'a ya duba takardun ya ce musu ba inda aka karya doka, kada su ɓata lokacinsu.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, ku riƙe shi. A ranar rumfa ban ga waliyyi ko ɗaya ba, har da ni. Ciyaman na son shaguna, kansiloli na jin haushin an hana su, Injiniya na tsoron wuyansa, alƙali na kare girman kujerarsa. Amma da yake kowa na jan nasa gefen, sai da mai walda ya ƙara shekara uku da rabi a rumfarsa, a cikinsu autarsa ta gama makarantar jinya. Don haka idan kuka ga Ciyaman da kansiloli ba sa ga maciji, kada ku ce gari ya lalace, ku yi aikinku ku gode wa Allah. Ranar da kuka gan su suna tafawa a mota ɗaya, ranar ce za ku aika a gaya wa masu rumfa su fara kwasar kaya.

Ban je wajen rusau na biyu ba, ban iya ba. Bayan kwana uku na sami Sunday a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a hanyar Zabi, ya kafa injinsa a fili, ya rufe shi da leda saboda ƙura. Ya share mini gefen benci da hannunsa, ya tambaye ni ko ni na ɗauki sandar ranar da aka yi dokar. Na ce ni ne.

"Kan bai motsa ba ko?"

Na ce ko kaɗan, daram yake.

Ya gyaɗa kai, ya jawo baƙin gilashinsa ya rufe fuska.

"To madalla, Baban Ladi. Aikina ya riƙe."